Kwat Biyu na Yaya Mai Guga

Yayana shekara talatin da ɗaya ya yi yana guga a ƙarƙashin wani babban otal. In na ce ƙarƙashi, ƙarƙashin ƙasa nake nufi sosai. Ka bi ta ƙofar baya inda ake fitar da shara, ka sauka matakala goma sha huɗu, ka wuce ɗakin janareta, sai ka ji tururi ya mare ka a fuska. Nan ne ɗakin wanki. Taga ɗaya ce tak a can sama, daidai da ƙasan titi, in ka ɗaga kai ba abin da kake gani sai tayoyin motoci da takalman masu wucewa. Kowa a otal ɗin Mai Guga yake ce masa, har akwai waɗanda suka shekara goma tare da shi ba su san yana da wani suna ba. Ni Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini Auta. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, shi ya kai ni koyon mota. Tasi nake ja yanzu.

Mutum ne marar yawan magana, mai saurin tsaki. Bayan hannuwansa duk tabon ƙuna ne, sabo a kan tsoho. Zanen gado da tawul inji ke yi, waɗannan bai ɗauke su aiki ba. Aikinsa na gaske kayan baƙi ne, musamman kwat. Manyan mutane sukan sauka a otal ɗin don taro, su zaro kwat ɗin da ya yamutse a akwati su aika ƙasa, in ya dawo sai ka ga mutum gaban madubi yana ta juyi. Akwai wani tsohon alƙali da in ya shigo gari, ko ba a nan ya sauka ba, sai ya aiko direbansa da kwat uku, a ce a ba Mai Guga hannu da hannu.

Don haka Yaya ya san kwat fiye da masu sa shi. Zai damƙi hannun kwat ya saki, ya gaya maka ulu ne ko roba. Zai mintsini ƙirjin da yatsa biyu, ya gaya maka ɗinka cikinsa aka yi ko da gam aka manne shi. Amma shi kansa bai taɓa mallakar ko ɗaya ba. Me zai yi da shi? Da singileti yake aiki, gumi na bin bayansa, in an tashi ya zura riga ya hau kekensa ya yi gida.

Bara, gab da faɗuwar damina, otal ɗin ya canza hannu. Aka kawo sabon manaja, matashi ne da bai fi sa'an ɗan Yaya ba in da ya haifi namiji da wuri, mai waya biyu da ƙamshin turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Wata Alhamis ya tara ma'aikatan ƙasa. Bai ma sauka wurinsu ba, a saman matakala ya tsaya ya toshe hanci da hankici. Ya ce za a rufe ɗakin wanki, wani kamfani ne zai riƙa zuwa da mota yana kwashe kayan. Su tara ne. Shida ya sallama nan take. Sauran ukun, ciki har da Yaya, ya ce saboda daɗewarsu za a taimaka musu, a mayar da su bakin ƙofa su riƙa buɗe wa baƙi suna ɗaukar akwati.

"Amma fa ku sani bakin ƙofa fuskar otal ce," in ji shi. "Ran Litinin kowa ya zo da kwat shuɗi mai duhu. Ba na son in ga mutum kamar ɗan dako."

Yaya ya ce, "Yallaɓai, otal ne zai ba mu kwat ɗin?"

"Otal ya ba ka aiki, Baba. Komai da komai kake so a yi maka?"

Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro katin wani shago ya miƙa wa na kusa da shi. Ya ce su je can su ce shi ya turo su, za a yi musu sauƙi.

Da la'asar Yaya ya biyo ta gidana ya gaya mini, yana tsaye bai ko jingine keken ba. Zuciya ta ciyo ni, na ce ya ajiye musu aikinsu mana, mutum mai shekara hamsin da takwas ne za a mayar ɗan ɗaukar akwati? Ya dube ni ya ce, "In ajiye, Likita ta dawo gida ta zauna ke nan?" Likita 'yarsa ce ta fari, aikin jinya take karanta, saura shekara guda ta gama, tun tana ƙarama muke tsokanarta da wannan sunan. Ya ce shi da matarsa sun duba abin da ke hannunsu, ya ɗan haura rabin albashin wata, kuma ba a wuce nan. Ran Asabar in zo in kai shi kasuwa.

Shagon da ke jikin katin muka fara zuwa, a bene na biyu na wani rukunin shaguna. Mai shagon ya tarbe mu baki har kunne. "Daga otal ne? Ai ku na gida ne, manajan naku mijin yayata ne." Ko kunya bai ji ba da ya faɗa. Ya jawo kwat daga wani dogon layi, duk iri ɗaya, kowanne cikin ledarsa, suna ƙyalli kamar an shafa musu mai.

Yaya ya karɓa. Ya damƙi hannun ya saki, wurin ya tsaya a yamutse kamar tsohuwar takarda. Ya mintsini ƙirjin. Ya ja maɓalli ɗaya, zare guda ne ke riƙe da shi. Ya ɗaga shi ga hasken taga, sai ga ni ina hango fuskarsa ta cikin yadin. Ya tambayi kuɗi, mai shagon ya faɗi abin da zai cinye kusan duk abin da ke aljihun Yaya, wai kuma an yi sauƙi ke nan.

"Wannan ba kwat ba ne," in ji Yaya. "Leda ce aka yi wa hannu."

Fara'ar mai shago ta ɗauke. "Baba, in ba saye za ka yi ba, kar ka yamutsa mini kaya."

"Kayan da damƙa ɗaya ta yamutsa, ya za su yi da wuni guda a bakin ƙofa?"

"'Yan'uwanka biyu sun zo jiya sun saya, ba su yi wannan dogon Turancin ba."

Yaya ya yi tsaki, ya rataye masa abinsa, muka sauko.

A hanya ya ce in tsaya a wani babban kanti mai gilashi, yana so ya gani da idonsa kawai. Tun daga ƙofa maigadin ya bi silifas ɗinmu da kallo. Muna shiga wata budurwa mai jiran kanti ta maƙale mana a baya, duk inda muka juya tana nan, kamar an ce mata za mu haɗiye kwat ɗin mu fita da shi a ciki. Yaya bai kula ta ba. Ya bi layin yana taɓawa da bayan yatsa, ya wuce wannan, ya wuce wancan, sai ya tsaya cak a kan wani. Na ga fuskarsa ta saki, abin da na daɗe ban gani ba. Ya juya wuyan ya nuna mini ƙananan ɗinkin hannu a jere a ƙarƙashi. Ya ce, "Ka gani, Auta? Wanda ya yi wannan yana jin tsoron Allah." Ya juya takardar kuɗin. Albashinsa ne na wata uku.

Ya ce da yarinyar, "'Yata, zan iya gwadawa?"

Ta dube shi tun daga sama har ƙasa ta ce, "Wanda zai saya ne yake gwadawa."

Na hayayyaƙo mata, na ce ke ubanki ne ya buɗe kantin? Yaya ya riƙe mini hannu. Ya nuna mata kwat ɗin da ke kusa da wancan, wanda aka rubuta wa albashin wata biyu, ya ce, "Ki gaya wa mai kantin wannan da gam aka manne shi. Wanki biyu zai yi ƙirjin ya tashi. Ko shi aka cuta, ko shi yake cuta." Muka fita.

Daga nan sai layin 'yan gwanjo, can ƙarshen kasuwa inda kwata ta tsaga hanya biyu. Warin kafur ya cika ko'ina. Muka sami wani mai gwanjo, ƙaton mutum mai fara'a da ke kiran kowa ango, ya fasa sabuwar dila da safen nan, kwat sun taru tsibi guda a kan tabarma. Yaya ya cire silifas ya durƙusa. Awa biyu cur ya yi a wurin. Ya ɗauka, ya shinshina, ya mintsina, ya jefar. Wani yadin mai kyau ne amma kafaɗar ta yi masa faɗi, kuma ya ce kafaɗa ba ta gyaruwa. Wani ya zauna masa daidai amma ruwan ƙasa ne. Wani shuɗi ne mai duhu, amma gwiwar hannun ta cinye har tana sheƙi. Ni dai na gaji, na zauna a kan benci ina lissafin fasinjan da nake asara, ina jin haushin manaja, da otal, da Yaya ma kansa.

Can sai na ji ya ce, "Auta."

Yana riƙe da shi da hannu biyu. Shuɗi ne mai duhu, ulu na gaske, mai ɗan nauyi amma ba mai kashe mutum da zafi ba. Yana da aibu, kuma Yaya da kansa ya lissafa su: hannun ya yi tsawo, shafin ciki ya yage a hammata, maɓalli ɗaya ya ɓata, asu ya ɗan huda shi a ƙarƙashin wuya inda ba mai gani. Amma da ya zura shi, kafaɗar ta zauna kamar a jikinsa aka auna.

"Kai, ango!" in ji mai gwanjo. "Wannan ai kai yake jira tun daga cikin jirgin ruwa."

Yaya bai iya ciniki ba, abin da yake so a fuskarsa yake fitowa. Na ture shi gefe na karɓi maganar. Na kushe kwat ɗin son raina, na zura yatsa a yagewar na nuna wa jama'a, na yi kamar zan tafi har sau biyu. Mai gwanjo ya rantse, na rantse, ya ce na fi shi iya ƙarya, ya kamata in zo ya ɗauke ni aiki. A ƙarshe ya sallama a kan kusan rabin abin da Yaya ya zo da shi. Ragowar ta isa farar riga sabuwa da kuɗin gyara.

Gyaran wurin Tela muka kai, wani tsohon abokin Yaya mai tabarau ɗaure da zare. Su biyun sun fi minti ashirin suna gardama a kan tsawon hannu, Tela na zana alli Yaya na gogewa. Tela ya ce, "Kai guga ka iya, bar mini ɗinki." Yaya ya ce, "Ni nake gyara ɓarnarku tun kafin ka san bakin allura." Haka suke tun suna samari. Tela ya ajiye duk aikin da ke gabansa, ya rage hannun, ya sake shafin hammata, ya canza maɓallan gaba ɗaya don su zo iri ɗaya, ya toshe hudar asun da zaren da ya zaro daga jikin shi wannan kwat ɗin.

Ran Lahadi da hantsi na je gidan na tarar babu wuta, Yaya ya hura dutsen gawayi. Ya shimfiɗa bargo a kan tebur, ya jiƙa farin ƙyalle ya ɗora a kan kwat ɗin, yana dannawa yana ɗagawa, ba ya ja. Ya naɗe tawul ya cusa a kafaɗa ya bi ta da tururi. Ba wanda ya isa ya yi masa magana. Da ya gama ya sa farar rigar, ya ɗora kwat ɗin, ya tsaya gaban madubin kabad. Likita ta zo hutun ƙarshen mako, ta saki guɗa ta ɗauko waya tana ta ɗaukarsa hoto. Matar Yaya ta riƙe haɓa ta ce mini, "Auta, gobe ka tsaya mini a bakin otal ɗin nan ka sa ido. In wata ta ƙwace mini shi, kai zan kama."

Na ce, "Ki bar shi ya tafi, ai ga ni."

"Kai da warin fetur? Allah ya kiyashe ni."

Yaya ya ce mu duka ba mu da aikin yi, amma bai bar gaban madubin ba. Ban taɓa lura dogo ne haka ba, don kullum a sunkuye na san shi.

Ran Litinin ni na kai shi, kar keke ya yamutsa masa kaya. Na faka a gefe don in ga yadda zai fara. Abokan aikinsa biyu suna tsaye cikin nasu masu ƙyalli, hannun ɗaya ya rufe masa yatsu, na ɗayan ya ɗage masa kamar na aro. Yaya ya tsaya a tsakiyarsu. Wata baƙuwa da ta sauko daga mota shi ta nufa kai tsaye tana tambayar ɗakin taro, ta ɗauka shi ne babba a wurin.

Sai ga manaja. Ya tsaya, ya kalli Yaya, ya zagaye shi.

"Wannan daga ina?"

"Saye na yi, yallaɓai."

"A shagon da na ce?"

"A'a."

"Launin bai zo ɗaya da na sauran ba."

"Shuɗi mai duhu ka ce, yallaɓai. Ga shi."

Manajan ya kai hannu ya juya wuyan kwat ɗin, Yaya na ciki, kamar mai duba akuya a kasuwa. Ya ga tsohon tambarin da ya koɗe. Ya ɗaga murya yadda masu shiga da fita za su ji. "Gwanjo ne? Kayan da wani ya mutu ya bari za ka sa ka tarbar mini baƙi?"

Na ga jijiyar wuyan Yaya ta tashi. Na san wannan alamar tun ina yaro. Ya ce, a hankali, "Yallaɓai, wanda ke jikinka ni na goge shi makon jiya. Na san cikinsa da bayansa. Wallahi wannan ya fi shi."

Wani direba da ke kusa ya tuntsire da dariya. Wannan dariyar ce ta gama komai. Manajan ya ce ya tafi gida, kar ya dawo sai da irin na 'yan'uwansa, in ba haka ba akwai mutum ɗari a waje da ke neman wurin.

Na riga na buɗe ƙofar mota, na yi niyyar in je in shaƙe yaron nan da abin wuyansa, ko me zai faru ya faru. Yaya ya iso ya tura ni ciki ya ce, "Ja mu tafi." Na fara magana ya ce, "Na ce ka ja." A bakin ƙofar gida ya cire kwat ɗin ya ɗora a hannu, don kar maƙwabta su tambaye shi abin da ya dawo da shi da sassafe.

Kwana uku ya yi a ɗaki. Matarsa ta ce abinci ma sai ta yi da gaske yake taɓawa. Ran Alhamis da na je, ban ga keken a zaure ba. Keken nan ya fi Likita shekaru. Na ce ina keke, ya ce ya sayar. Na ce don Allah me ya sa bai gaya mini ba, ni ba ɗan'uwansa ba ne? Ya ce, "Kai ma bakuna biyar kake ciyarwa." Na ce to ai gara in yi kwana biyu ina aikin banza da a ce ka sayar da ƙafarka don ka sayi leda. Muka yi ta sama-sama har matarsa ta shiga tsakani. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar, kuma ba shi nake jin haushi ba, shi ne dai a gabana.

Shi kaɗai ya koma shagon surukin manaja. Mutumin ya gane shi. Ya ce sauƙin na makon jiya ne, yanzu kaya sun tashi. Yaya ya biya. Mai shagon ya bi shi da cewa, "Baba, a riƙa damƙa a hankali."

Mako biyar ya yi cikin wannan abin. Da safe ni nake kai shi, da yamma ya hau bas. Yadin ba ya shan iska, kafin azahar farar rigar ta jiƙe sharkaf, ƙuraje suka feso masa a baya. Ran da ruwan sama ya taɓa shi yana riƙe wa wani baƙo lema, ƙirjin ya tashi ƙulu-ƙulu kamar fatar kwaɗo. Ya gwada gyarawa a gida, da dutsen ya ɗan yi zafi sai yadin ya fara ƙauri. Mutumin da ya gyara kwat ɗin rabin manyan garin, ga shi tsaye a bainar jama'a cikin wanda ba ya gyaruwa. Ya ce mini abin da ya fi ci masa rai shi ne ranar da tsohon alƙalin nan ya zo wani taro. Yaya ya buɗe masa ƙofa ya gaishe shi. Tsohon bai ɗago ba, ya miƙa masa jaka ya wuce. Alƙalin bai taɓa ganin fuskar Yaya ba, aikin hannunsa kawai ya sani.

A mako na biyar wasu baƙi suka zo da manyan akwatuna. Yaya ya sunkuya ya ɗaga ɗaya zai ɗora a kan keken kaya, sai ji aka yi ƙiiit. Kwat ɗin ya tsage daga hammata har tsakiyar baya, ba ma a kan ɗinki ba, yadin ne da kansa ya buɗe. Manajan yana wurin teburin karɓar baƙi. Ya kira shi gefe, amma ba can gefe ba. Ya ce wannan sakaci ne, sauran ai nasu bai yage ba, ya je ya sayo wani kafin gobe.

Ɗaya daga cikin abokan aikinsa ne ya ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ya ce Yaya bai yi faɗa ba. Ya cire kwat ɗin, ya karkaɗe shi, ya ninke shi tsaf yadda ya saba ninke na baƙi, hannu a kan hannu, ya ajiye a kan teburin gaban manajan. Ya ce, "Ka kai wa surukinka, ya sayar wa wani." Ya fita ta ƙofar gaba, wadda bai taɓa bi ba a shekara talatin da ɗaya sai da aka mayar da shi mai buɗe ta. Bai kira ni ba. A ƙasa ya taka har gida, tafiyar awa ɗaya da rabi cikin rana. Otal ɗin suka rubuta cewa shi ya bar aiki don kansa. Ko takardar godiya ba su ba shi ba.

Tela ne ya matsar da keken ɗinkinsa ya ba shi kusurwa a shago, wurin da tebur ɗaya zai shiga. Da dutsen gawayin gida ya fara. Masu kawo kwat ba sa son gawayi, suna tsoron tartsatsi, don haka wata na farko kayan makarantar yara da zannuwan gado ya yi ta gogewa. Wani matashin lauya da ya kawo wa Tela gyaran wando ya ga kwat ɗin gwanjon a rataye cikin leda, ya gwada, ya nace sai an sayar masa. Yaya ya ƙi sau biyu. A na uku ya sallama, ya ɗauki kuɗin ya sayo dutsen lantarki mai tururi. Kafin ya miƙa wa yaron sai da ya tsayar da shi ya yi masa karatu: kar ya rataye shi a ƙusa, kar ya cusa waya a aljihun gefe, kar ya bari kowa ya ɗora masa dutse kai tsaye. Lauyan ya riƙa kawo abokansa, aiki ya ɗan motsa. Duk da haka abin da yake samu bai kai rabin na da ba. Matarsa ta fara sayar da ƙanƙara a gida, da haka aka lallaɓa Likita ta shiga zangon ƙarshe. Tsakinsa ya ƙaru, bayansa na ciwo, shi da Tela kullum cikin gardama suke a kan wanda ya cinye wa wani wuri.

Manajan yana nan. Na ji an ce har ƙarin girma aka yi masa.

Watan jiya na ɗauko wani fasinja daga tasha, mai akwati biyu, ya ce in kai shi otal ɗin. Da muka iso na tsaya a bakin titi na kashe mota. Ya ce in shiga ciki mana. Na ce motata ba ta shiga nan. Ya ce ai biya zai yi, na ce ko ninki zai ba ni. Ya zage ni tas, ya ja akwatunansa cikin taɓo yana waiwaye. Da na ba Yaya labari ina jiran ya ji daɗi, sai ya ajiye dutsen ya dube ni.

"Shi bawan Allahn me ya yi maka?"

Na ce ba komai.

"To kai aka kora, ko ni? Ka sa mutum ya ɓata takalminsa a banza. Ka girma mana, Auta."

Na ce na ji. Tela yana ta dariya a bayan keken ɗinkinsa. Shekaranjiya ma wata mata ta ce in kai ta otal ɗin, a bakin titin na sauke ta, sai dai ita na taya ta ɗaukar jaka har bakin get.